Kajin da Ba Su Kwana Ba

Dokar dai Dakta ne ya kafa ta da bakinsa, ba wani ya ɗora masa ba. Duk ɗalibin da ya fara aiki a ɗakin bincikensa, ranar farko zai ja shi har cikin ɗakin sanyi ya nuna masa kantoci biyu. Kantar ƙasa ta kajin da aka gama aunawa ce, an cire musu lamba, duk ma'aikacin da ya ga dama ya ɗauka ya kai wa iyalinsa. Kantar sama kuwa ta waɗanda aka yanka yau ce, kowace da ɗan ƙarfe mai lamba a fiffikenta, kuma sai sun kwana a sanyi kafin a taɓa su. "Kazar da ba ta kwana ba," in ji shi yana kaɗa yatsa, "ko mahaifinka ne ya roƙa, ka ce masa ya dawo gobe." Ɗalibai su yi dariya, shi ma ya yi, don yana son a san shi da barkwanci.

Kuma dokar tana da dalili. A cikin tsokar kowace kaza akwai wani sinadari da ba ya fara aikin kirki sai bayan an yanka ta. A hankali yake bin zaren naman yana tsinkawa, shi ya sa naman da ya kwana ya fi na ɗazu laushi. A ɗakin binciken almakashi suke ce wa sinadarin nan. Wata kazar almakashinta da kaifi, wata kuwa dakusasshe, kuma abin gado ne kamar dogon hanci. Aikin Dakta ke nan shekara da shekaru: a gano gurbin da ƙwayar gadon almakashin take zaune a cikin dogayen igiyoyin gado na kaza, a zana taswirar wurin, yadda mai kiwo zai ɗebi ɗigon jinin ɗan tsako ya san ko namansa zai yi laushi tun kafin ya cinye masa buhun abinci.

To amma a faɗi gaskiya komai ɗacinta, Dakta ya daɗe bai riƙe kaza da hannunsa ba. Daga taro sai taro, daga wannan ofis sai wancan. Mai aikin ita ce ɗalibarsa ta digirin ƙarshe, wata siririyar mata marar surutu da 'yan uwanta ɗalibai suka laƙaba wa Uwar Kaji, don ko biki aka gayyace ta sai ta leƙa keji kafin ta tafi. Ita ce ta haɗa wani zakaran gida mai naman tsiya da ɓul-ɓul ɗin kajin gona, ta raini 'ya'yansu, ta sake haɗa 'ya'yan, ta raini jikoki. Ita ta ɗebi jinin kowane tsako, ta ƙura wa kwamfuta ido har sai da ta koma sa tabarau. A ƙarshe ta sa yatsa a kan wani gurbi a taswirar ta ce nan ne.

Cewa nan ne ba hujja ba ce, sai an gwada. A cikin jikokin nan kaf, guda shida ne kawai suka gaji almakashin mai kaifi ta wajen uba da ta wajen uwa gaba ɗaya. In taswirarta gaskiya ce, su shidan nan za su fi kowace kaza laushi idan aka sa namansu a bakin Mai Haƙori, wato injin da ke cizon nama yana auna ƙarfin da ya sha kafin ya yanke shi. Kakansu zakaran ya mutu tuni, iyayensu sun daina ƙwai, wa'adin karatunta kuma bana zai ƙare. Babu batun a sake. Ranar nan da safe aka yanka su tare da sauran, ta jera su shida a tire daban, ta ɗora a kantar sama, ta kulle ɗakin.

A ranar ce kuma Inna, mahaifiyar Dakta, ta iso garin. Ƙanensa Auta ne ya kawo ta a motarsa, zai kwana ɗaya ya wuce. Shi Auta tayoyin mota yake sayarwa, bakinsa kuma ba ya mutuwa. Duk abin da ake gani a ɗakin Inna shi ya kawo, daga fanka har kujera, har haƙoran roba ya sa aka yi mata da nata suka zube, ko da yake ta ce suna matse mata dadashi, ta jefa su cikin kofi ta manta da su. Rabonta da nama ya daɗe, sai dai ta sha romo. Dakta kuwa me yake kawo mata? Hoton taro da kalandar jami'a. Abin yana cinsa a rai, shi ya sa a ziyararsa ta ƙarshe, da Auta ya dame shi da tsiya, bakinsa ya suɓuce ya ce ai sun gano kazar da ko Inna za ta ci ba tare da haƙori ba.

Da rana matarsa ta kira shi ta ce baƙi sun sauka. Bai ma amsa ba ya jiyo muryar Auta daga can gefe.

"Ki gaya wa likitan kaji ya taho mana da kazar nan mai laushi! Mun gaji da cin ta a kunne."

Sai ya ji dariyar Inna, 'yar siririya, tana cewa, "Ƙyale shi, ai ya yi alkawari."

Bayan la'asar, da kowa ya watse, Dakta ya zaro makullinsa ya buɗe ɗakin sanyi. Don Allah a yi masa adalci a nan: kantar ƙasa ya nufa. Ya tarar da ita wayam, ko fiffike babu, ma'aikata sun kwashe tun jiya. Ya tsaya sanyi yana ratsa masa riga. Da ya juya ya fita ya biya kasuwa, da labarin ya ƙare a nan. Sai idonsa ya hau sama, ya sauka a kan tiren nan na daban.

Wanda zai yaudari kansa ba ya rasa hujja. Ya ce ai shida sun yi yawa, uku ma sun isa nuna gaskiya, alhali shi ne ya koya wa Uwar Kaji cewa uku na iya zama dace kawai. Ya ce ai almakashinsu yana da kaifi ninki biyu, wuni ɗaya ya ishe shi aiki, alhali shi ne mai kaɗa yatsa. Ya ce bayan haka ma, kajin wane ne? Ba sunansa ne a ƙofar ba? Ya ɗauki uku ya zura a leda. A cikin mota ya ɗaga fiffiken hagu na kowace, inda ake maƙala lamba tun zamanin da yake aiki da hannunsa, ya ɓalle ƙarafan ya jefa a aljihun gaban rigarsa.

A gida kuwa aka yi masa tarbar da bai taɓa samu ba. Inna ta tashi da kanta ta karɓi ledar, ta leƙa, ta ce, "Kai, masha Allah, ji ƙirji!" Matarsa ta yi ta yi da ita ta zauna ta huta, ta ƙi. Ta ɗaure zani ta bi ta kicin, ta ce kazar da ɗanta ya yi shekaru yana nema, ita za ta yanyanka ta da hannunta. Dakta ya zauna a falo yana yi wa Auta bayanin igiyoyin gado, har da zane a bayan kwalin shayi. Auta yana ta gyaɗa kai irin na wanda bai yarda ba amma yana jin yunwa.

Aka kawo abinci da magariba. Shinkafa ce da kaza, tana ta tururi. Dakta ya ɗauki tsoka ya kai baki, ya ciza.

Inna lillahi. Naman ya ƙi.

Ya sake cizawa, ya ja, tsokar ta miƙe ta koma kamar roba. Nan take ya san abin da ya faru, don ba wanda ya fi shi sani. Naman da aka yanka da safe aka dafa da yamma, a daidai lokacin da ya sandare ke nan, almakashin bai ma yi nisa da aiki ba wuta ta kashe shi. Gumi ya tsatsafo masa a wuya. Yara sun yi tsit suna kokawa da ƙashi. Matarsa ta sunkuyar da kai, ita da ta san ta ba tukunyar nan wuta iya wuta.

"Yaya," in ji Auta yana riƙe da muƙamuƙi, "ashe sana'armu ɗaya ban sani ba. Wannan ai in ka ba ni ita, wallahi a ƙafar tirela zan sa ta."

Yara suka fashe da dariya.

"Kai, rufe mana baki!" Inna ce, kuma ba da wasa ta faɗa ba. "Ni da ba ni da haƙori ban yi ƙorafi ba, sai kai mai talatin da 'yan kai? Nama kamar auduga. Hassada ce ke damunka, ɗan nema."

Ta ɗauki wata tsokar ta sa a baki. Dakta ya saci kallonta. Kumatunta suna ta motsi, suna ta motsi, ta goge baki da hankici, ta sake ɗaukar wata. Haka ta yi har ta share farantinta. Da ta gama ta ɗaga hannu ta yi ta sa masa albarka, ta ce yau ta ci gajiyar karatun da ta sha wahala a kansa. Shi kuwa ya rasa inda zai sa kansa. Rabin zuciyarsa yana cewa watakila nata ɓangaren ya fi dahuwa, ɗaya rabin ya san ƙarya yake yi wa kansa.

Washegari Auta ya wuce, Inna ta zauna. Dakta ya tafi aiki a makare, yana fatan ya tarar ƙura ta lafa. Ina! Tun daga baranda ya hango mutane cirko-cirko a ƙofar ɗakin sanyi. Uwar Kaji tana tsaye da tire a hannu, kaji uku a ciki, ta ƙura musu ido kamar in ta daɗe tana kallo za su koma shida. Ga Shugaban Sashe, wani gajeren dattijo da ba ya son a ɓata masa safiya.

"Yawwa, Dakta, gara da ka zo," in ji Shugaba. "Ka ga abin da ɗalibarka ta jawo mana. Makullin ɗakin nan biyu ne, naka da nata, kuma ƙofa ba a ɓalle take ba." Ya juya gare ta. "Kin tabbata kin kulle jiya?"

"Na kulle, ranka ya daɗe."

"Kin tabbata?"

Mai gaskiya ai shi ke fara zargin kansa. Ta ce a hankali, "Ina jin na kulle. Sai dai na dawo ɗaukar jakata daga baya, to ban sani ba ko..."

Makulli biyu aka ce, amma ko mutum ɗaya bai kalli Dakta ba. Wa zai kalle shi? Shi ne mai dokar. Ƙarafan nan uku suna aljihun rigarsa, don rigar jiya ya mayar, yana jin sanyinsu a ƙirji. Duniya ta ba shi dama a faranti, ya buɗe baki ya ce ni ne, a yi abin da za a yi. Ya buɗe bakin kuwa. Ga abin da ya fito:

"Ni dai na sha gaya muku ku riƙa kula da ƙofar nan."

Kaico! Ya ji maganar a kunnensa kamar wani ne ya yi ta. Ta ɗago ta dube shi, ba da fushi ba, da neman gafara, abin da ya fi zagi ciwo. Shugaba ya ce gobe da safe ta same shi a ofis ta yi bayanin sakacinta a gaban manyan sashen, kuma kada ta sa rai za a karɓi sakamakon kaji uku, balle a ƙara mata wa'adi a kan laifin da ita ta yi. Ya kaɗa riga ya tafi.

Dakta bai iya zama ba. Kafin azahar ya ce wa sakatariya yana da baƙuwa a gida, ya kashe waya, ya gudu. A gida ya shige ɗaki ya ce kansa ke ciwo. Ya kwanta, ya tashi, ya zaro ƙarafan ya kalla, ya mayar. Ya tsara jawabin da zai yi wa Shugaba, na roƙon a sassauta wa yarinya, jawabi mai kyau da tausayi, wanda babu kalmar ni a cikinsa. Da ya maimaita shi a ransa sai ya ji ƙyamar kansa.

Da yamma aka yi sallama. Ya gane muryar tun kafin matarsa ta leƙo ta ce ɗalibarsa ce, ta ce ta kira waya a kashe. Babu ƙofar baya a gidan, dole ya fito. Ya tarar Inna ta riga ta kama ta, ta zaunar da ita kusa da ita a kan doguwar kujera, tana tambayar ta mutanen gida.

Uwar Kaji ta zamo daga kujera ta gaishe shi. Idanunta sun yi ja. "Malam, ka yi haƙuri na biyo ka gida. Na sa ukun da suka rage a Mai Haƙori. Sun fi duk sauran laushi, nesa ba kusa ba. Na ce in gaya maka ko za ka sa baki gobe. Na san laifina ne, amma..."

"Za mu duba, za mu duba," in ji shi da sauri, yana kallon bango.

"Au, ke ce mai taimaka masa da kajin?" Inna ta tafa hannu. "Allah sarki, 'yar albarka! To ai kuwa ba za ki fita gidan nan ba sai kin ɗanɗana. Ke, kawo mata ragowar ta jiya."

"Inna, sauri take yi," in ji Dakta.

"Saurin me? Yarinya duk ta rame a kan aikinka." Ta juya ga baƙuwar, fuskarta cike da alfahari. "Jiya ya kawo min su daga wurin aikinku, guda uku, irin masu laushin nan da ya gano. Kajin gata ne, 'yata, har da 'yan kunne. Tsaya ki gani."

Ta jawo bakin gyalenta, ta fara kwance wani ƙulli. Dakta ya dafe aljihunsa. Nasa suna nan. To me za ta fitar?

Ƙarafa uku ne, ƙanana, an wanke su tas suna ƙyalli.

"A can cikin hammatar fiffiken dama na same su da nake yanyankawa," in ji Inna. "Na ce waɗannan ba na yarwa ba ne, zan kai gida in nuna wa maƙwabta."

Abin da Dakta bai sani ba ke nan, don ya daɗe bai leƙa keji ba. Su shidan nan, saboda tsoron kada lamba ta faɗi ta rasa gane su, Uwar Kaji ta ƙara wa kowace ta biyu a fiffiken dama, a ɓoye cikin lanƙwasa. Inna ta zuba mata su a tafin hannu. Uwar Kaji ta gyara tabarau, ta juya na farko, ta juya na biyu. Na ukun ba ta ma juya shi ba. Lambobin da ta haddace tun suna tsaki ne.

Dakta ya so ƙasa ta tsage ya shige, ƙasa kuwa ba ta yi wa kowa wannan alfarmar. Ya jira ta ɗago ta dube shi. Ba ta ɗago ba. Ta mayar wa Inna ƙarafan da hannu biyu.

"Suna da kyau, Inna."

Matarsa ta shigo da faranti ta ajiye. Tsokar ƙirji ce, an ɗumama. Inna ta tura mata gabanta. "Ci, 'yata, ci ki ji abin da kuka yi."

Ta yi bisimilla, ta yago kaɗan ta sa a baki. Dakta ya ga lokacin da haƙoranta suka gamu da naman, ya ga yadda fuskarta ta canza. Ɗazu da ta ga ƙarafan ba ta firgita haka ba. Ta tauna, ta tauna, ta tauna. Sannan ta runtse ido ta haɗiye.

"Yaya kika ji?" in ji Inna.

"Da laushi, Inna."

Ta sha ruwa, ta yi godiya, ta ce za ta koma kafin motoci su yi wuya. Ta durƙusa ta yi wa Inna sallama, ta ce wa Dakta, "Malam, na bar ka lafiya," tana kallon takalmansa. Aka ji ƙarar ƙofar waje.

Matarsa ta kwashe farantin ta shige kicin, ta turo ƙofa, mace mai hankali. Ya rage daga shi sai mahaifiyarsa. Inna tana ta juya ƙarafan a tafin hannunta. Alfaharin nan duk ya zube daga fuskarta, ta koma tsohuwa ƙwarai.

"Ido ne bai gama mutuwa ba, ka ji," ta ce. "Na ga fuskar yarinyar nan. Kajinta ne, ko?"

Mutumin da ke tsayawa a gaban ɗaruruwa ya yi awa yana zuba, ya kasa cewa i.

"Laifin da ta ce nata ne, wanda za ka sa baki gobe, shi ne wannan?"

Ya gyaɗa kai.

"Saboda ni."

"A'a, Inna, ba..."

"Saboda ni da bakin Auta." Ta yi ajiyar zuciya. "Ni da na zauna ina nuna mata 'yan kunne kamar wata sakara. Ka sa na ci amanar baƙuwa a gidanka, ina dariya." Sannan ta ce, "Naman nan ko kare sai ya yi da gaske. Ka ɗauka na ci? A hankici na riƙa tofarwa, na kai bola da kowa ya tashi. Ni uwarka ce, dole in rufa maka asiri a gaban ƙaninka. Ita fa, me ta haɗa da kai? Ni na tofar da nawa, ita ta haɗiye nata."

Da mari ta yi masa da ya fi sauƙi. Ta kamo hannunsa kamar yadda take yi yana ƙarami in za su tsallaka titi, ta zuba masa ƙarafan, ta naɗe yatsunsa a kansu.

"Za ka bi ta, ko in ɗauki gyalena?"

Ya fita da silifas ɗin wanka, bai ma lura ba. Layin nasu dogo ne, ga shagon mai gyaran waya, ga mai wankin mota yana ɗaga masa hannu yana "Dakta, Dakta!" Bai amsa ba. A bakin babban titi ya hango ta a ƙarƙashin rumfar jiran bas, ta rungume jakarta a ƙirji. Ya ƙarasa yana haki. Ya zaro ukun da ke aljihunsa, ya haɗa da na Inna, ya buɗe mata tafin hannunsa. Duk jawabin da ya tsara ya gudu.

"Ni ne," ya ce. "Kin kulle ƙofarki. Ni na buɗe."

Ta dubi ƙarafan, ba ta taɓa su ba. Ya shirya wa kuka, ya shirya wa Allah ya isa, ya ma fi son hakan. Sai ta ce:

"Malam, abu ɗaya nake so ka gaya min, don girman Allah kada ka rufe min. Yaushe aka dafa su? Sun kwana?"

"Ba su kwana ba. Da yamma na ɗauka, da magariba aka ci."

Ta saki wani dogon numfashi, ta dafa ƙarfen rumfar. Hawayen da ta riƙe tun safe sai yanzu suka zubo.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Alhamdu lillahi. Da na ji taurin nan, na ɗauka taswirar ce ƙarya. Na ɗauka ukun can dace ne kawai, duk shekarun nan a banza na yi su."

Nan ne kunya ta gama kashe shi. Ya sace mata rabin hujjarta, ya tsaya a gaban jama'a ya ɗora mata laifi, amma abin da ya fi tsorata ta shi ne kada aikin ya zama ba gaskiya ba. Shi ma haka yake a da. Ya tuna, kuma bai san a wane taro ya baro wannan mutumin ba.

Bas ta taho tana huci, ta tsaya. Uwar Kaji ta share fuska da bayan hannu.

"Gobe da safe Shugaba yana jirana," ta ce.

"Ni yake jira. Ki tafi wurin kajinki."

"Ko ka faɗa, ukun ba za su dawo ba, Malam."

"Na sani. Amma wa'adin da ya ce ba zai ƙara ba, a kan laifinki ya ce. Zan gaya musu laifin wane ne, a gaban kowa, in roƙa."

Ba ta ce na gode ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Ta miƙo hannu za ta karɓi ƙarafan, don a ƙa'idar ɗakin binciken kowace lamba sai ta koma gwangwaninta. Ya rufe hannunsa.

"Bar min su. Ni zan zube su a teburinsa."

Ta dube shi ido cikin ido, karo na farko tun safe, sannan ta hau. Bas ta tashi ta bar shi tsaye a bakin titi da silifas ɗin wanka, ƙarafa shida suna cizon tafin hannunsa. Da ya juyo, can ƙarshen layi ya hango Inna a ƙofar gida, ta riga ta yafa gyalenta, tana jira ta ga ko sai ta fito.